Maƙwabciyata a Kumamoto

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ni 'yar Funtuwa ce, matar aure, uwar 'ya'ya uku. Daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2018 na zauna a ƙasar Japan, a wani birni mai suna Kumamoto da ke tsibirin Kyushu, can kudu maso yammacin ƙasar. Karatu ne ya kai maigida. Gwamnatin Japan ce ta ɗauki nauyinsa ya yi digiri na uku, ni kuma na bi shi daga baya da 'yarmu ta fari, lokacin tana shekara biyar. Tun da muka dawo, duk inda na zauna cikin mata tambayar ba ta wuce biyu: wai da gaske ne jirginsu na ƙasa ba ya makara, wai da gaske ne ko jakar kuɗi ka yar za ka same ta wurin 'yan sanda? Nakan ce da gaske ne, hira ta wuce. Abin da ban cika samun damar faɗa ba shi ne labarin wata tsohuwa da gidanta ke kallon namu, wadda ta wurinta na san mutanen ƙasar nan, da kyansu da kuma abin da ke cin su a ɓoye.

Kafin mu iso, maigida ya sha wuya wajen neman gida. Masu gida da dama da zarar sun ji baƙo ne sai su ce a ba su haƙuri. Wanda ya yarda kuma sai da aka kawo masa ɗan ƙasa ya tsaya mana, sannan aka biya kuɗin ajiya, aka biya wani kuɗin na daban da suke ɗauka a matsayin godiya ga mai gida, wanda ba a mayarwa. Gidan da muka samu bene ne mai hawa biyu, mu muna ƙasa. Ɗaki biyu ne ƙanana, an shimfiɗe su da tabarmar nan tasu mai kauri da ake kira tatami, wadda ake saƙawa da wata ciyawa, kuma galibin wadda ake nomawa a ƙasar daga Yatsushiro take fitowa, kudu da mu kaɗan. Babu gado. Da dare a fito da katifa, da safe a naɗe a mayar cikin kabad. Daga bakin ƙofa akwai ɗan wuri mai zurfi inda ake tuɓe takalmi, kuma ko mai gyaran famfo ne ya zo ba zai wuce nan da takalmi a ƙafarsa ba.

Washegarin isowarmu maigida ya fito da ƙananan tawul naɗe cikin takarda, ya ce in shirya mu je gaida maƙwabta. Al'adarsu ce, sabon zuwa shi ke bin gidaje da 'yar tsaraba ya gabatar da kansa, ya roƙi a yi haƙuri da shi. Muka bi na gefenmu da na samanmu, sannan muka tsallaka titi zuwa wani tsohon gidan katako mai rufin ƙasa gasasshiya. Wata 'yar tsohuwa ta buɗe, gajera, bayanta ya ɗan ranƙwafa, kanta fari fat. Shekarunta 82 a lokacin. Ta karɓi tawul ɗin da hannu biyu, ta sunkuya, muka sunkuya, ta sake sunkuyawa. Ta dubi 'yata ta yi murmushi. Ba ta ce mu shiga ba. Muka juyo, raina ba daɗi, don a wurinmu baƙo ba ya komawa daga bakin ƙofa ko ruwa bai sha ba. 'Yata ce ta fara kiran ta Obacan, yadda yaransu ke kiran kakanninsu, ni ma na bi bakinta.

Sanin juna na farko a wurin shara muka yi shi. A Kumamoto ba a zubar da shara yadda aka ga dama. Hukumar birni na raba kalanda: ranar sharar da ake ƙonawa daban, sau biyu a mako, ranar takarda daban, ranar roba daban, ranar kwalba da gwangwani daban. Sharar ƙonawa sai cikin ledar da birni ke sayarwa, a fitar kafin takwas da rabi na safe. Robar ruwa sai an cire murfinta, an ɓare takardar jikinta, an ɗauraye. Kwalin madara sai an wanke, an tsaga, an shanya. Wurin ajiyewar wani ɗan lungu ne a bakin titi, ana rufe ledojin da raga saboda hankaki, waɗanda nasu baƙaƙe ne wuluk, ba farin ƙirji, ga girma ga wayo. Bayan mota ta kwashe, akwai wanda zai share wurin ya naɗe ragar, kuma gida-gida ake yi bi da bi. Ba wanda ake biya. Ranar da layi ya zo kanmu na fito da tsintsiya, sai na tarar da Obacan tsaye tana jira na. Ta nuna mini inda ake rataye raga, da famfon da ake ɗibar ruwan wanke wurin. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma muka gama aikin tare.

Daga nan na fara gane yadda unguwa ke tafiya. Akwai ƙungiyar mazauna unguwa, kowane gida na ba da ɗan kuɗi. Akwai wani allo da ake maƙala wa sanarwa, yana zagaya gidaje: ranar sharar unguwa, ranar atisayen gudun bala'i, ranar bikin tsofaffi. In ka karanta ka buga hatiminka, ka kai wa na gaba. Mu gidan Obacan muke kai wa. Wannan allon shi ya zama dalilina na ƙwanƙwasa mata ƙofa, don a can ba a faɗo wa mutum gida haka kawai a ce an zo gaisuwa. Tun suna yara ake cusa musu cewa kada ka dami kowa, kada ka ɗora wa kowa nauyinka. Shi ya sa jirgi ke cike maƙil amma tsit, ba mai amsa waya. Shi ya sa kuma mutum zai kwana da ciwo bai tashi maƙwabcinsa ba.

Wata Juma'a na yi waina da shinkafarsu mai danƙo, na haɗa da miyar alayyafo, na ba 'yata ta kai mata. Washegari kwanon ya dawo a wanke, cike da ƙananan lemu masu zaƙi. Na aika ƙosai, ya dawo da dankali gasasshe. Duk abin da na bayar sai wani abu ya biyo baya. Da farko abin ya sosa mini rai, na ɗauka ba ta son alherina ya kwana a wurinta. Sai wata 'yar Indunusiya da ta daɗe a ƙasar ta warware mini: haka suke da kowa. Kyautar haihuwa, ta aure, ta ta'aziyya, duk ana mayar da kusan rabin ƙimarta daga baya, kuma mai hankali ba ya ba da kyautar da za ta yi wa mai karɓa nauyin ramawa. Na ce ashe bikinmu ne na mata, wanda uwa ke riƙe wa a ka wace ta kawo nawa ranar suna don ta san abin da za ta kai ranar nata. Daga ranar na daina jin ciwo, na rage yawan abin da nake zubawa a kwanon don kada in wahalar da ita.

A watan Afrilun 2015 'yata ta shiga aji ɗaya, don a can a Afrilu shekarar karatu ke farawa. Makaranta ta ba mu doguwar takardar abubuwan da za a tanada, kuma kowane abu sai an rubuta masa sunan yaro, har ƙananan 'ya'yan lissafi da ba su kai girman ƙwayar wake ba. Cikin jerin har da tsumman goge ƙasa guda biyu. Na tsallaka da takardar na nuna wa Obacan. Ranar ce ta fara cewa in shigo. Ta ɗauko tsohon tawul, ta ninka shi huɗu, ta ɗinke gefe-gefe da hannu, ta ratsa ɗinki daga kusurwa zuwa kusurwa, ta miƙo mini allura in yi na biyu. Yaran su ke share makarantarsu kullum, aji da baranda har banɗaki, malamai na tare da su. Su ke raba wa junansu abincin rana, sanye da farar riga da hula, kuma ba mai fara ci sai kowa ya samu an yi godiya tare. Da safe ba mai raka su. Yarinya 'yar shekara shida ta goya jakarta ta bi sahun 'yan unguwa, a mararraba kuma tsofaffi 'yan sa kai na tsaye da tuta ruwan ɗorawa suna tsallakar da su. Makon farko ina laɓe a taga gabana na faɗuwa har ta ɓace.

Abinci kam mun sha fama. Alade na shiga cikin abubuwan da ba za ka taɓa zato ba, har burodi da alewa, ga kuma wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki. Sai da na haddace haruffan alade da na giya kafin in iya rubuta sunana da rubutunsu. Makaranta na aiko da jerin abincin wata guda da duk abin da ke cikinsa. Nakan zauna da jan biro in yi wa ranakun alama, in dafa wa 'yata abin da ya yi kama da na sauran yara don kada ta ji ta fita daban. Malamarta ta zo har gida, kamar yadda suke zagaya gidajen ɗalibai a farkon shekara, ta zauna da littafi tana rubuta abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci. Ba ta taɓa jin labarin azumi ba sai a bakinmu, amma ba ta raina ko ɗaya ba. A gefe guda kuma, sau tari nakan shiga jirgin cikin gari da hijabina, kujerar kusa da ni ta zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. Ba mai zagin ka, ba mai harararka, amma ka san an sa maka iyaka. Wannan ma Japan ce.

Da na samu ciki na biyu muka je ofishin gunduma muka sanar. Suka ba ni ɗan littafin uwa da jariri, wanda suke amfani da irinsa tun 1948, ana rubuta komai a ciki tun daga awon farko har rigakafin yaro. Suka haɗa mini da takardun awo 14 da gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsu, inshorar lafiya kuma ta biya yen 420,000, kuɗin ƙasar, na haihuwa. Ta wannan fuskar ban nemi komai na rasa ba. Abin da na rasa mutane ne. Na haifi namiji a watan Nuwamba, cikin sanyi. Ragon suna a Funtuwa aka yanka, mu a nan maigida ya kai dabino masallacinmu da ke unguwar Kurokami aka yi addu'a. Ba uwa, ba gwaggo, ba mai dafa ruwan wanka, ba mai dama kunun kanwa. Maigida na fita tun safe, ba ya dawowa sai dare ya raba, don a ɗakin bincikensu ba ka tashi babba na zaune. Na zauna a ɗaki da jariri ina kuka ba mai ji.

A cikin makon nan na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Obacan ce, riƙe da tukunya naɗe a ƙyalle, ga wata takarda a hannunta. Takardar ashe tun kafin in haihu ta tare maigida a wurin shara ta sa ya rubuta mata duk abin da ba na ci. Ta ajiye tukunyar, ta nuna mini gindinta: takardar farashi na nan manne. Sabuwa ta saya, don maigida ya faɗa mata alade haramun ne gare mu, ita kuma duk tukwanenta sun taɓa dafa shi. Ta fito da kwalbar miyar waken suya daga aljihunta, ta gyara tabarau, ta bi rubutun jikinta da yatsa layi-layi tana nuna mini babu giya a ciki. A tukunyar akwai kifi da kabewa da wani farin tushe mai kama da rogo. Ta ce, 'yata na fassarawa, a zamaninsu mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi ba ta ɗaga komai sai ta yi mako uku, kuma gidan iyayenta take komawa ta haihu. Tunda ni nawa iyayen suna nesa, ita za ta riƙa leƙo ni. Mako ukun nan kullum da hantsi tana tafe. Ba ta daɗewa. Ta ajiye tukunya, ta ɗauki yaron ta yi masa 'yar waƙa, ta kwashe wankin da ya bushe ta ninke, ta tafi. Tsohuwar da ta yi wata shida ba ta ce in shiga gidanta ba, ita ce ta tsaya mini a matsayin uwa.

A lokacin na san labarinta. An haife ta a 1932. Tana 'yar shekara 13 jiragen Amurka suka ƙone tsakiyar Kumamoto a daren 1 ga Yulin 1945, ta ce har ganyen dankali da jijiyarsa sun ci saboda yunwa, shi ya sa har yau ba ta iya barin ƙwayar shinkafa a kwano. A watan Yunin 1953 kogin Shirakawa ya yi ambaliya ya cika garin da laka, nan ma tana ciki. Mijinta ya rasu shekaru goma kafin zuwanmu. A ɗakinta akwai wani ɗan kabad na ibada da hotonsa, kowace safiya takan ajiye masa shinkafa da shayi ta gaya masa labarin unguwa. Ni Musulma ce, na san matacce ba ya cin shinkafa, kuma da ta tambaye ni yadda muke yi da namu mamatan na faɗa mata gaskiya: wanka, likkafani, salla, a binne a ranar, sai addu'a. Ta saurara da kyau. Su ƙonawa suke yi, kusan kowa da kowa, dangi su tsince ƙasusuwan da sanduna su zuba a tulu. Ɗanta ɗaya ne, yana aiki a Osaka, yana zuwa sau biyu a shekara, hutun sabuwar shekara da hutun tsakiyar Agusta da suke ziyarar kaburbura. Na tambaye ta me ya hana ta koma wurinsa. Ta ce ba ta son ta zame masa nauyi.

Ranar Alhamis 14 ga Afrilun 2016, ƙarfe 9:26 na dare, ina shayar da yaro, ƙasa ta girgiza. Wayoyinmu suka ɗauki kuka, kwanuka suka zubo. Muka fita filin makaranta muka kwana, washegari muka koma gida muka tattara fasassun kaya, kowa na cewa babbar ta wuce. Ashe ta gaba ce babbar. Daren Juma'a wayewar Asabar, ƙarfe 1:25, ta dawo da ƙarfin maki 7.3 a ma'aunin girgizar ƙasa. Ba zan iya kwatanta muku ba. Firij ya yi tafiya daga bango zuwa tsakiyar ɗaki, wuta ta ɗauke, na kifa kan jaririn ina salati, na sallama cewa kwanana ya ƙare. Da ta lafa maigida ya fitar da mu titi, ya tsallaka da gudu gidan Obacan. Rufin ya zubo a ƙofar, kabad ya faɗi ya tare hanya. Ya same ta zaune a ƙarƙashin tebur da matashi a ka, ya goyo ta ya fito. Abu na farko da ta faɗa a bayansa shi ne ya yi haƙuri ta wahalar da shi.

A garin Mashiki da ke gabas da mu gidaje suka rushe layi-layi. Gadar Aso ta faɗa kwari. Ganuwar fadar Kumamoto, wadda aka gama ginawa a 1607, ta zube a wurare da dama. Mutum 50 suka mutu nan take, waɗanda wahalar bayan nan ta kashe kuma sun ninka haka, yawancinsu tsofaffi. Sama da mutum 180,000 suka bar gidajensu. Mu muka koma babban ɗakin wasanni na makarantar 'yata, kuma a nan na ga abin da duk wannan horon na shara da layi da tsumma yake tanada. Cikin duhu, ƙasa na ta motsi, amma kowa ya tuɓe takalminsa a ƙofa. Shugaban ƙungiyar unguwa na riƙe da takardar sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai, yana kira ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba a tura matasa gidansa. Ruwan famfo ya ɗauke a garin da ke alfahari da cewa duk ruwan shansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ba wanda ya ba da umarni da ƙarfi, sai ga 'yan sakandare sun jeru da bokitai daga tafkin ninƙaya na makaranta zuwa banɗaki. Ranar farko abincin da ya iso dunƙulen shinkafa ne, ɗaya na mutum biyu. Aka yi layi har bakin ƙofar makaranta. Ban ga wanda ya tsallake ba, ban ga wanda ya karɓa ya sake zagayowa ba, kuma shagunan da gilasansu suka farfashe ba wanda ya taɓa musu ko ashana.

Obacan na kusa da mu a kan bargo ɗaya. Rabin shinkafarta ta tura mini, ta ce mai shayarwa ta fi ta buƙata. Na ƙi, ta ƙi, har sai da na ci. In lokacin salla ya yi ko zan shayar, ita da wasu tsofaffi biyu su miƙe su riƙe bargo su kare ni daga idon maza, ba tare da na roƙa ba. Bayan 'yan kwanaki motoci suka fara isowa masallaci da kaya daga Musulmin wasu garuruwan Japan: ruwa, shinkafa, ƙunzugun yara, abincin halal. Ya fi ƙarfin bukatarmu, maza suka riƙa lodawa suna kai wa sansanoni, ba tambayar addini. Wata rana matanmu suka dafa babbar tukunyar shinkafa da kaza muka kai makarantar. Mutanen da a da suke barin kujerar kusa da ni suka yi layi, suna karɓa da hannu biyu suna sunkuyawa. Obacan ta ce ta ga wuta, ta ga ruwa, yanzu ta ga ƙasa, amma ba ta taɓa zaton baƙo daga Afirka ne zai goye ta ba. Girgizar ba ta daina ba, cikin shekara guda an ƙirga sama da 4,000 manya da ƙanana. Gidanta aka liƙa masa takarda ruwan ɗorawa, alamar a shiga da hattara, rufin ya daɗe lulluɓe da shuɗin tamfol kamar dubban gidajen garin.

Akwai abin da ya faru a bazarar shekarar da ta biyo baya wanda har yau nake jin sa a ƙirjina. A saman benenmu akwai wani dattijo da ke zaune shi kaɗai. Yana cikin waɗanda muka kai wa tawul. Mutum ne mai tsafta, bai taɓa saɓa ranar shara ba, in mun haɗu ya sunkuya in sunkuya. Aka kwana biyu ba a gan shi ba, ba wanda ya ƙwanƙwasa, don kowa na gudun kada ya dame shi. Wari ne ya sa aka kira 'yan sanda. Ya kusa mako biyu da mutuwa, rufi ɗaya ne tsakaninmu. Ba dangin da suka zo. Wani kamfani ne ya turo ma'aikata da fararen kaya suka kwashe komai nasa. Ba shi kaɗai ba ne: hukumar 'yan sandan ƙasar ta ce a 2024 kaɗai sama da mutum 76,000 masu zaman kaɗaici aka tarar sun mutu a gidajensu, mafi yawansu tsofaffi. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65, haihuwa kuma sai raguwa take yi. Ina girmama mutanen nan matuƙa, amma wannan kunyar ta neman taimako ta wuce gona da iri. Tarbiyyar da ta hana su tsallake layi ranar yunwa, ita ce ta bar dattijon nan ya ruɓe a ɗaki. Daga ranar na ajiye ladabin ƙasar gefe guda game da Obacan. Da allo ko ba allo, kowace safiya sai na ƙwanƙwasa, in ban samu zuwa ba in tura 'yata. Zumunta a ƙafa take. Ta yi ta cewa ina wahalar da kaina, amma na lura ta fara barin ƙofar a buɗe tun kafin in iso.

A watan Maris na 2018 maigida ya kammala. Muka wanke gidan tas, muka sake bin maƙwabta da 'yar tsaraba muna godiya da ban kwana, yadda ake yi. Na bar wa matar da ke gefenmu amanar leƙa Obacan, na faɗa mata ƙarara ba tare da kewaye-kewaye ba, ta yi alkawari. Obacan ta ba ni tukunyar nan, ta ba 'yata jakar da ta ɗinka da hannunta. Su ba sa rungumar juna, ni kuwa na rungume ta, ta tsaya ƙiƙam na ɗan lokaci sannan ta riƙe ni. Da motar ta tashi tana bakin titi tana sunkuyawa har muka sha kwana.

Sabuwar shekarar da ta biyo baya katinta na gaisuwa ya iso ta akwatin gidan waya na wurin aikin maigida, da rubutun hannunta, 'yata ta karanta mana. A ƙarshen 2019 wani katin ya zo, fari, ba ado, daga ɗanta. Al'adarsu ce gidan da aka yi rasuwa su aika wa mutane kati kafin shekara ta ƙare, su ce bana ba za su yi gaisuwar sabuwar shekara ba saboda suna makoki. Ta rasu a watan Satumba tana da shekara 87, a asibiti, ɗan nata na kusa da ita. Maƙwabciyar da na bar wa amana ce ta same ta ba lafiya da safe ta kira motar asibiti. Na yi kuka sosai. Ba ta karɓi Musulunci ba, shiriya ta Allah ce, amma ina shaida a gaban kowa cewa ta riƙe haƙƙin maƙwabtaka fiye da yadda na taɓa gani.

Muka roƙi ƙawata 'yar Indunusiya ta kai wa ɗan ambulan na ta'aziyya da yen 5,000 a madadinmu, irin abin da maƙwabci ke bayarwa. Na ce ta gaya masa kada ya mayar da komai, hanya ta yi nisa. Bai ji ba. Ya nemi wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke shirin dawowa gida, ya ba shi ƙunshin koren shayi da wasiƙar godiya, yaron ya hau mota daga Abuja ya kawo mana har Funtuwa.